Asusu ya rufe, amma sunanka yana cikin kundin masu bashi

Ka ɗauka kai mai sayen aya ne a Maraɗi, ko manomin albasa a Galmi, ko kuma ke mai matsar man gujiya ce a Damagaram. Ka je banki neman rancen jika 800 domin ka ƙara jari kafin kaka. An karɓi takardunka, an ce ka dawo bayan sati biyu. Ranar da ka dawo sai ma'aikacin ya shaida maka cewa ba za a ba ka ba, domin na'ura ta nuna ana bin ka wani bashi tun shekaru uku da suka wuce. Kai kuwa ka san ka biya wancan bashi har dalar ƙarshe. Ka nufi asusun da ya ba ka shi domin su gyara, sai ka tarar da ƙofa a garƙame, allon suna ya koɗe, mai gadin ma ya kama wani aiki. To, wa za ka kai wa kuka?

Wannan tambaya sabuwa ce a ƙasarmu. Rushewar gidajen kuɗi dai ba sabon abu ba ne. An rushe bankin BDRN a 1990, daga baya kuma asusan ajiya da bashi da dama sun durƙushe da kuɗin talakawa a cikinsu. A 2018 ma an ɗora wa Asusu SA, wanda ya fi kowane girma a wancan lokaci, shugabancin riƙon ƙwarya. Abin da ya canza shi ne makomar bayanai. A da, in asusu ya mutu, littattafansa suna zama a ɗakin ajiya har gara ta cinye su, kuma babu wata hanya mai sauƙi da wani banki zai bi ya san tarihin ƙaramin ɗan kasuwa. Yau asusu yana iya mutuwa, amma abin da ya rubuta a kanka yana nan cikin na'ura, ana iya karanta shi a ƙasashe takwas.

Mi ne ne wannan kundi?

A watan Yuni na 2013 majalisar ministocin ƙasashen yammacin Afirka masu amfani da kuɗin sefa ta amince da wata doka ta bai ɗaya game da ofisoshin tattara bayanan bashi, waɗanda ake kira BIC a taƙaice. Nijar ta mayar da ita dokar ƙasa a ƙarshen 2014. Babban bankin BCEAO ya ba wani kamfani mai zaman kansa izinin yin aikin, wato Creditinfo VoLo, wanda daga baya ya koma Creditinfo West Africa. Cibiyarsa tana Abijan, kuma ya fara aiki a watan Fabrairu na 2016. Ficewar Nijar daga CEDEAO a watan Janairu na 2025 ba ta taɓa wannan tsari ba, domin na ƙasashen UEMOA ne.

Tun farko an wajabta wa bankuna da manyan asusai su riƙa aika wa BIC bayani kowane wata: wa ya ci bashi, nawa ne, yaushe ya kamata ya biya, ya biya a kan lokaci ko ya makara, kuma kwana nawa. Doka ta yarda kamfanonin wuta da na ruwa da na tarho su ma su shiga. Lokacin da kake neman bashi, a cikin tarin takardun da kake sa wa hannu akwai wadda ka amince a cikinta a aika bayaninka, a kuma duba tarihinka. Mutane da yawa ba su san sun sa mata hannu ba.

Manufar tsarin ba mugunta ba ce. Wanda ba shi da takardar fili ko ta gida da zai ba da jingina, yana iya nuna cewa ya ci bashi sau huɗu ya biya sau huɗu, wannan ya tsaya masa. Yana kuma hana mutum ɗaya ya ci bashi a wuri uku ba wanda ya san da ɗaya. Sai dai BIC ba ya ganin kuɗi, ba ya ganin rasit. Abin da aka aiko masa kawai yake maimaitawa. Idan mai aikowar ya yi kuskure, sa'an nan ya mutu, kuskuren ya zama maraya, ba mai kula da shi.

Ta ina kuskure yake shigowa?

Asusu ba ya mutuwa dare ɗaya. Yakan yi watanni yana jinya, kuma a cikin waɗannan watanni ne littattafai suke lalacewa. Ma'aikata suna tafiya saboda ba a biya su albashi ba. Wanda yake zagaya ƙauyuka a kan babur ranar kasuwa yana karɓar kuɗi, ya rubuta maka a karne, amma a ofis ba wanda ya shigar da su cikin na'ura. Daga nan sai aikawar wata-wata ta tsaya. Hoton ƙarshe da BIC ya samu shi ne na ranar da saura biya uku a kanka, kuma haka hoton zai zauna ko da ka cika ukun.

In kuma an miƙa bashin asusun ga wani banki ko wani asusu, sai wata matsala ta ɓullo. Sabon mai shi yana aika bashin da sabuwar lamba, tsohon kuwa bai rufe tasa ba. Bashi ɗaya ya zama biyu a takarda. Wani lokaci wata biyu ko uku da aka yi ana miƙa kundi, lokacin da kai ma ba ka san inda za ka kai kuɗi ba, su ne ake rubuta maka a matsayin makara.

Akwai kuma tarkon da ya fi kama mutanen kirki. Kana da ajiyar jika 150 a asusun, ana bin ka jika 120. Da ka ji an daina ba mutane kuɗinsu, sai ka ce to su cire nasu daga cikin naka, ka daina biya. A lissafin kasuwa ba ka yi laifi ba, kai ne ma kake bin su jika 30. Amma wannan sulhu a zuciyarka ka yi shi, na'ura ba ta san da shi ba. Shafin ajiya daban, shafin bashi daban, kuma dokar BIC ta keɓe bayanin ajiya, ba a aika shi. Saboda haka bankin da ya duba tarihinka zai ga jika 120 da ba a biya ba, ba zai taɓa ganin jika 150 ɗinka da suka maƙale ba. Muddin ba a rubuta maka cewa an cire bashin daga ajiyar ba, a idon kundi kai mai taurin bashi ne.

Mata masu cin bashin ƙungiya su kula da wannan. Idan mutum goma suka lamunci juna, ɗaya ta kasa, ko shugabar ta karɓi kuɗin kowa ta kai ofis ranar da ba mai rubutawa, tabon yana iya shafar duka goman. Haka wanda ya tsaya wa ɗan'uwansa ya manta.

Na ƙarshe shi ne sunaye. Mutum nawa ne suke amsa Musa Abdu a jihar Tawa kaɗai? Suna ɗaya ana rubuta shi Mahamadu a wata takarda, Mamadu a wata, Maman a ta uku. Waɗanda aka rubuta wa "an haife shi wajen shekara kaza" sukan koma ranar 1 ga Janairu a cikin na'ura. Bashin wani yana iya sauka a kanka ba tare da kowa ya yi nufin cutar ka ba.

Gaskiyar da ya kamata ka sani tun yanzu

Mutuwar asusu ba ta yafe bashi. Kuɗin da aka ranta maka na masu ajiya ne, wataƙila na maƙwabciyarka mai sayar da fura, kuma da abin da aka karɓo daga masu bashi ne ake biyan su. Hanyar neman gyara da za a bayyana nan ta wanda aka rubuta wa ƙarya ce, ko aka ƙara masa adadi, ko aka ɗora masa na wani. Idan da gaske ka makara, ba za a goge makarar ba.

Wannan ya shafi mutane da yawa. Daga ƙarshen watan Yuli na 2023 zuwa 24 ga Fabrairu na 2024 ƙasar tana cikin takunkumi: an rufe iyakoki, kaya sun maƙale a hanya, bankuna sun ƙayyade abin da mutum zai iya fitarwa. Ƴan kasuwa masu riƙon amana sun kasa biya a kan lokaci. Ambaliyar 2024 ta ƙara wa wasu. Kundi ba ya rubuta dalili, kwanaki kawai yake ƙirgawa. Abin da zai kwantar da hankali shi ne doka ta hana BIC ya yaɗa bayanin da ya wuce shekaru 5. Amma kada ka dogara ga wannan ka naɗe hannu, domin bashin da ba a rufe ba a rubuce yana iya ci gaba da fitowa a matsayin mai rai idan wanda ya gaji kundin yana sake aika shi duk wata.

Abin da doka ta ba ka

Kana da ƴancin karɓar rahoton tarihin bashinka kyauta sau ɗaya a shekara. Idan ka ga abin da ba daidai ba, kana iya shigar da ƙorafi a BIC tare da takardun da suke nuna kuskuren, ko kai tsaye, ko ta hannun wani banki ko asusu da kake hulɗa da shi. Wannan na biyun yana da muhimmanci ga wanda yake nesa da Yamai, kuma yana nufin ba dole ne sai ta ƙofar asusun da ya rufe ba.

Daga nan kwanaki suke fara ƙirguwa. BIC yana da kwana 5 ya miƙa ƙorafinka ga wanda ya aiko da bayanin. Shi kuma yana da kwana 15 ya tabbatar, ko ya gyara, ko ya soke. Sa'an nan BIC yana da kwana 10 ya aiwatar ya kuma sanar da kai. In an gyara, ana aika sabon rahoto ga duk waɗanda suka nemi tarihinka cikin watanni 6 da suka gabata, har da bankin da ya hana ka. In kwana 30 suka cika ba a gama ba, dole BIC ya janye kundinka daga idon masu dubawa na ɗan lokaci, ya nuna cewa ana cikin gyara. In an ba ka amsa ba ka gamsu ba, kana iya sa a rubuta bayaninka na kalmomi 100 a cikin rahoton, kana kuma iya kai ƙara BCEAO, wanda yake da kwana 60 ya yanke magana. Ƙofar kotu kuma ba a rufe take ba.

Dokar tana da kyau, amma ka lura da inda ta rataya: ta ɗauka akwai wani a ɗaya gefen da zai buɗe wasiƙa ya amsa cikin kwana 15. In asusun ya mutu, shiru zai biyo baya. Shirun nan yana taimakon ka ta fuska ɗaya, domin shi zai sa a janye kundin. Sai dai janyewa ba gogewa ba ce. Kundin gaba ɗaya ake janyewa, mai kyau da marar kyau, har da bashi huɗun nan da ka biya lafiya. Ma'aikacin bankin da ya duba ya ga an ce ana cikin gyara, sau da yawa zai ce ka jira. Damina kuwa ba ta jira.

Yadda abin yake a Amurka

Yana da amfani a leƙa ƙasar da ta daɗe da wannan tsari. A Amurka akwai manyan kamfanoni uku masu riƙe irin wannan kundi, wato Equifax da Experian da TransUnion, kuma tun 1970 suke da doka a kansu. A can sau da yawa wanda ya ba da bashi daban, kamfanin da yake karɓar biya yana rubutawa daban. A 2021 uku daga cikin kamfanonin da suke karɓar biyan bashin karatu na gwamnatin tarayya, wato FedLoan da Navient da Granite State, sun ba da sanarwar barin aikin, aka kwashe kundin mutum kusan miliyan 16 zuwa wasu hannuwa. A watan Satumba na 2024 hukumar kare masu hulɗa da gidajen kuɗi ta hana Navient komawa wannan aiki, ta kuma sa ya biya dalar Amurka miliyan 120. Daga cikin abin da aka tuhume shi akwai ɓata tarihin naƙasassu, har da tsofaffin sojoji, waɗanda aka yafe wa bashi amma aka nuna kamar sun ƙi biya. Tun kafin wannan, wani binciken hukumar kula da kasuwanci ta tarayya da aka fitar a 2013 ya gano cewa mutum 1 cikin 5 yana da kuskure a aƙalla ɗaya daga cikin rahotanninsa uku. In ƙasa mai lambar shaida ga kowane mutum tana haka, ka auna tamu.

Bambancin da ya shafe mu shi ne wannan. A dokar Amurka ma kwana 30 ne, amma idan ba a iya tabbatar da bayanin da aka yi jayayya a kansa ba, dole a goge shi, shi kaɗai, sauran tarihin mutum ya zauna. Wato nauyin kawo hujja yana kan mai rubutawa. A ganinmu wannan shi ne adalci, domin ba talaka ne ya ɓatar da littattafan asusu ba. A namu tsari, wanda asusunsa ya mutu yana iya zama a rataye har sai BCEAO ko kotu sun sa baki. Saboda haka kada ka tsaya ga wasiƙar da ka kai BIC. Dole ka nemo wanda zai amsa ta.

Nemo magajin kundi

Gidan kuɗi ba ya ɓacewa kamar rumfar kasuwa. In an ɗora masa shugaban riƙon ƙwarya, yana raye a idon doka, kuma shugaban ne zai amsa. In an janye masa izini, ana naɗa wanda zai tattara dukiyarsa ya karɓo bashin da yake bi ya biya masu ajiya, shi ne ake kira likidater. In an sayar da bashin ko an haɗe asusun da wani, sabon mai shi ne magaji. Domin ka san ko wane ne, ka tambayi hukumar ARSM mai kula da ƙananan gidajen kuɗi, wadda aka kafa a 2007 a ƙarƙashin ma'aikatar kuɗi, ko ofishin BCEAO na Yamai, ko na Maraɗi, ko na Damagaram.

Abin da za ka nema a wurin magajin abu biyu ne: takardar shaidar cewa ka kammala biya, mai ɗauke da suna da lambar bashin da kwanan wata da hatimi, da kuma alkawari a rubuce cewa zai aika gyaran ga BIC. In maganar ajiya da bashi ce, ka nemi a rubuta maka ko an yarda a cire ɗaya daga ɗaya, da ranar da aka yi hakan. In ya fito da wani adadi da ba ka yarda da shi ba, ya ce ka sa hannu tukuna a duba daga baya, kada ka sa. A dokar kasuwanci ta OHADA, amincewar wanda ake bi tana sabunta ƙidayar wa'adin da mai bin bashi yake da shi na kai ƙara. In da gaske akwai saura a kanka kuma kana son biya, ka biya a ofis ko a asusun banki da aka ba ka a rubuce, ba a hannun tsohon ma'aikacin da ya zo gida yana cewa har yanzu shi ke karɓa ba.

Hujjarka ita ce komai. Karne, rasit, kwangilar bashi, jadawalin biya, saƙon da ya shigo salula lokacin da ka tura kuɗi, littafin da sakatariyar ƙungiya take rubutawa. Rasit ɗin da na'ura take bugawa yana koɗewa cikin zafin nan namu, wani lokaci kafin shekara ta zagayo, don haka ka yi masa fotokopi tun yana karantuwa. Fotokopi za ka miƙa, ainihin takarda ta zauna a hannunka. In ba ka da ko ɗaya, kada ka fasa: ka nemi magajin ya nuna maka nasa lissafin biya bayan biya, ka kuma tara waɗanda kuka biya tare. Ƙorafin mutum goma daga ƙauye ɗaya a kan wata ɗaya da ma'aikaci ɗaya ya fi na mutum guda nauyi.

Wasiƙar ƙorafi ba ta bukatar tsawo. Cikakken sunanka kamar yadda yake a katin ɗan ƙasa, sunan asusun, lambar bashin, abin da rahoton ya ce, abin da yake gaskiya, da abin da kake so a yi: a gyara adadi, ko a rufe, ko a cire domin ba naka ba ne. Ka faɗi a fili cewa asusun ya rufe, ka ba da sunan magajin in ka same shi. Kada ka cika ta da labarin wahalar da ka sha. Ka yi kwafi biyu, a buga maka hatimi da kwanan wata a kan naka, domin daga wannan rana ake ƙirga kwana 30. Wanda ba ya rubuta faransanci ya nemi wanda ya yarda da shi, a karanta masa da hausa kafin ya sa hannu. In magana ta kai kotu kuma ba ka da halin ɗaukar lauya, akwai hukumar ANAJJ mai ba marasa ƙarfi taimakon shari'a, tana da ofisoshi a manyan kotuna.

Za ka gamu da masu cewa sun san wani a ciki, ka ba su jika 20 su goge sunanka. Ba wanda yake da ikon goge bayanin gaskiya, kuma gyaran ƙarya haƙƙinka ne, ba alfarma ba. A Amurka wannan sana'a ta girma har hukuma ta gurfanar da manyan kamfanoninta, a 2023 aka yanke musu biyan dala biliyan 2.7 saboda karɓar kuɗin mutane tun kafin su yi aikin.

Akwai nauyin da ba naka ba ne, na hukuma ne. Duk lokacin da aka naɗa wanda zai rufe wani asusu, ya kamata takardar naɗinsa ta ɗora masa daidaita bayanan da aka aika BIC kafin ya tattara nasa ya tafi, a kuma sanar a gidajen rediyon karkara inda masu bashi za su same shi da ranakun da yake zama. An fi mai da hankali ga masu ajiya, kuma sun cancanta, amma wanda ya biya bashinsa aka bar shi da tabo shi ma an yi masa asara, sai dai tasa ba ta fitowa sai ranar da ya je neman wani bashin.

Ka lissafa lokaci. Kwana 30 na BIC da kwana 60 na BCEAO wata uku ke nan, ban da kwanakin neman magaji da na tafiya. In kana son rancen taki da iri a watan Yuni, ka nemi rahotonka tun cikin Janairu ko Fabrairu. Manomin albasa mai bukatar kuɗi a watan Oktoba ya nema tun farkon damina.